Tayar Hagu ta Ɗakin Baffa

Tun da na dawo daga Goronyo kun hana ni sakat. In na sunkuya kan walda sai in ji mutum ya tsaya a kaina yana cewa, "Altine, yaya hanya? An gano ciwon tayar?" Wasu don Allah suke tambaya. Wasu kuwa na san su, so suke su ji an tabbatar da sunan da suka laƙaba mini. To ga labarin nan sau ɗaya, kowa ya karanta ya ƙyale ni in nemi abincina.

Saboda wanda ba ɗan Wurno ba, bari in faro daga tushe. Alhaji Modi tsohon ma'aikaci ne, ya shekara talatin yana sa hannu a takardun kwalbati da gada, amma ban taɓa ganin sifana a hannunsa ba. Yana da ƙanen uba, malami, ya haura tamanin da biyar, wanda duk gari ke kira Baffa. Kowace shekara Baffa yakan zaga Rabah da Goronyo ya gaida dangi da tsofaffin ɗalibansa, sai ciwon ƙugu ya hana shi zaman mota. Wata rana Alhaji ya zo shagona da waya a hannu, ya nuna mini wani ɗaki mai taya da Turawa ke ja da mota in za su yawon shan iska, ya ce irinsa yake so, don Baffa ya riƙa tafiya a kwance.

Wata biyu na yi ina ƙera shi. Firam na ƙarfe, jiki na kwano, taga biyu, ƙofa a baya, gado a dama domin dama ta manya ce, benci a hagu. Na sa masa tayoyin ƙaramar mota guda biyu. Ranar da aka fito da shi har mata sun leƙo ta katanga, aka sa masa suna ɗakin Baffa, ni kuma na yi mako guda ina tafiya kamar wanda ya ƙera jirgin sama.

Cikin wata uku ana kai Baffa Sakkwato ganin likita ana dawowa, tayar hagu ta cinye ta gefen ciki har zare ya fito, ta dama kuwa kamar jiya aka ɗaura ta. Aka sake wata tayar, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai Alhaji ya zauna a majalisa bayan Juma'a ya sanar cewa idon Altine a karkace yake, abin da ya ƙera ma haka. Kafin magariba na zama Altine Karkace. Wani da ya kawo ƙarfen ƙofar gida ya turo aka kwashe abinsa. Mai sana'ar hannu ba shi da gona sai sunansa, ni kuwa ina kallo ana kiwo a tawa.

Da lokacin ziyara ya zo, Alhaji ya tsaya a ƙofar shagona bai ko kashe mota ba.

"Shiga mu tai," in ji shi. "Ka ga aikinka da idonka. In munka iske laihinka na, gaban jama'a za ka hwaɗi. In ba naka na ba, ni Modi da bakina za ni hwaɗi."

Na ce na yarda. Na ɗauki igiyar awo da sifana na shiga gaba.

Mu biyar ne. Alhaji na tuƙi, ni a gefensa. A ɗakin baya akwai Baffa da ɗalibansa biyu, Malam Sambo da Malam Buhari. In na ce ɗalibai kada ku ɗauka yara ne. Dattawa ne masu furfura, sun fi shekara arba'in suna ɗaukar masa buta, kuma Allah ya yi musu jiki, kowannensu in ya hau babur sai mai babur ya yi salati. Su ke loda kaya, su ke sauke kaya, su ke riƙe Baffa ya shiga, sannan su ja labule su rufe ƙofa. Ba a shigar da shi sai mun riga mun zauna a mota. Ni kuwa tun ranar da na miƙa ɗakin ban sake leƙa cikinsa ba, don ubana bai koya mini leƙen makwancin babba ba.

Mun wuce Kwargaba kaɗan muka iske shinge. Mai shingen ya karɓi takardu, ya zagaya mu sau biyu yana tauna goro, ya ce na mota ya gani, ina na gidan? Alhaji ya fara lissafa masa ofisoshin da ya riƙe. Mutumin bai saurare shi ba, ya je baya ya ɗaga labule, ya ga Baffa, sai ya durƙusa a kan kwalta yana neman addu'a. Da haka muka wuce, Alhaji na ta fushi an ƙi jin tarihinsa.

A Achida muka tsaya wurin wani mai faci, baƙin mutum mai ƙaramar murya. Mutanen baya suka sauka sayen masa, shi kuma ya sa geji ya auna iska, ya shafa tayar da tafin hannu.

"Alhaji, taya ba ta ƙarya," ya ce. "In iska ya yi yawa, tsakiya taka ci. In ya yi kaɗan, gehe biyu taka ci. Wagga ko gehe guda tac ci, na ciki, kuma iskanta daidai da na 'yar'uwatta. Ba wurina matsalar take ba."

"Wurin wa take?" in ji Alhaji.

Mai faci ya dube ni, ya dubi tabon walda a hannun rigata, ya ce shi dai faci ya iya. Alhaji ya yi wani murmushi da na ji shi har cikin haƙorina. Daga Achida har Rabah, duk ramin da muka faɗa sai ya yi tsaki ya kalle ni, kamar ni na haƙa shi.

A Rabah muka sauka gidan Malam Dikko, tsohon ɗalibin Baffa. Mu a Wurno in an gaisa sau uku an wuce ga magana. A gidan nan sai da aka tambaye ni gajiya, da gida, da iyali, da sana'a, da ruwa, da sauro, aka koma kan gajiya, har furar da aka ajiye mini ta kwanta. Da aka gama, mai gidan ya riƙe hannuna cikin tausayi ya ce, "Halan kai na Karkace? Sannu, Allah shi kyauta." Ashe sunan ya riga mu isowa, kuma bai biya kuɗin mota ba. Aka ba ni tabarma a zaure. Tuwon dawa da miyar sure da aka kawo ba ni da abin cewa a kansu, amma sauron bakin gulbi ya karɓi rabonsa a jikina kwana biyu cur.

Da safe, bayan an kwashe kaya an shiga da su cikin gida, aka kira wani bakanike. Wannan ya san aikinsa. Ya sa jak ya ɗaga hagun, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya ce boris ɗin da tayar ke juyawa a kai lafiya lau, ba ya wasa. Ya murza ta, ba ta rawa, wato wilin bai lanƙwashe ba. Ya bi zanen tayar da yatsa ya ce in da aksul, ƙarfen nan da ke riƙe da tayoyin biyu, a karkace aka ɗaura shi, da zanen ya yi kaifi kamar haƙoran zarto, wannan kuwa sumul ya suɗe. Muka ɗaura igiya daga wuyan da ake maƙalawa a mota zuwa tsakiyar kowace taya. Dama da hagu tsawo ɗaya, ko faɗin farce babu bambanci. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Alhaji, wanda yay yi aikin ga ya iya." Na ji kamar in goya shi.

"Ai na sani," in ji Alhaji. "Masu sana'a ba su tona asirin juna. Makaho ba shi cewa makaho bai gani."

Malam Dikko kuma ya kawo tasa fatawar. Ya ce shi a ganinsa bakin mutane ne, don abu in ya yi kyau aka cika kallonsa, to sai ya samu tawaya. Na tambaye shi me ya sa bakin mutanen bai taɓa kama dama ba, sai hagu. Ya ce ai dama wurin Baffa ne, baki ba ya zuwa nan. Aka kawo garwashi a kasko aka zuba turare, aka tura ƙarƙashin tayar. Ni na janye shi da ƙafa da na ji roba ta fara ƙauri, kuma har muka bar garin ana yi mini kallon marar tarbiyya.

Abu ɗaya na roƙa aka yi mini: aka juya tayoyin, mai lafiyar ta koma hagu, cinyayyar ta koma dama. Na ce in ciwon na taya ne zai bi ta, in na wuri ne zai tsaya inda yake.

Ranar tafiya na ga ana ta shiga da fita ta ƙofar baya, na ji kukan rago, amma Alhaji ya riga ya sa ni zama a mota da taswirar waya a hannu, wai in riƙa gaya masa hanyar da ya fi ni sani. Muka kama hanyar Goronyo da hantsi, don kowa ya san yanzu ba a yin tafiyar yamma a wannan yankin. Da muka isa na sauka da gudu na dafa tayoyin. Ta dama ɗumi kawai. Ta hagu, sabuwar komawa, gefenta na ciki ya yi sheƙi, ga zafi kamar kaskon masa. Wato ciwon ya tsaya a wurinsa.

"To, mi ya rage?" in ji Alhaji. "Taya ta hita, iska ya hita, boris ya hita. Saura wa?"

Gaskiya a ranar na fara zargin kaina. Na zauna a gindin katanga ina tuna yadda na ɗora kowane ƙarfe, ina tunanin da wane baki zan tsaya a majalisa in ce ni ne, da yadda 'ya'yana za su gaji sunan.

Gidan da muka sauka a Goronyo na wata ƙanwar Baffa ne, kuma mutanen gidan ba su yarda akwai abincin da ba kifi a ciki ba. Safe kifi, rana kifi, har kunun da aka kawo sai da na leƙa cikinsa. Mu da muka saba ganin kifi ranar kasuwa, na ci kamar ba gobe. Kowane baƙo da ya zo gaida Baffa kuwa da abinsa a kafaɗa: wannan buhun tafarnuwa, wancan albasa, wani kwandon busasshen kifi. Ba wanda ya isa ya ce a mayar, don mayar da kyautar ɗalibi cin fuska ne.

Kwana na uku aka ce daga Giyawa za mu wuce gida, akwai ta'aziyyar da Baffa zai yi a can. Aka loda komai. A Giyawa ne kifin Goronyo ya nemi haƙƙinsa. Ana cikin addu'a na sulale na nemi bayan gida, na daɗe, da na fito sai sawun taya na tarar. Alhaji ya ce daga baya wai bai lura ba na cikin mota ba. Mutum ya zauna kusa da kai kwana biyar kana yi masa tsaki, ka ce ba ka lura ba.

Na tsayar da wani mai kabu-kabu, magidanci mai rawani, na ce ya bi su. Muka ratsa tsakanin jakuna da amalanke har muka hango su a gaba. Wannan ne karo na farko da na ga ɗakin Baffa ta baya yana tafiya da mutane a ciki. Kafin in buɗe baki mai babur ya riga ni.

"Subhanallahi! Wane marar imani na yal labta ma abin ga kaya haka? Ko jakina in niy yi mai mangala gehe guda, kwanciya shikai."

Ɗakin ya kwanta hagu kamar mai ciwon haƙarƙari. Sifirin hagu, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin ɗakin, ya miƙe sarai, aksul ya ɗan sunkuya, tayar ta buɗe ƙafa tana tafiya a kan gefenta na ciki kamar mai gwame. Wata uku ina auna ɗaki ba kowa a ciki. Duk wanda ya duba shi, a sauke ya duba shi. Na ce wa mai babur ya sha gabansu ko da za mu faɗi.

Alhaji ya taka birki ya fito yana faɗa. Ban saurare shi ba. Na zaga baya na yi sallama da ƙarfi, na ce kada kowa ya motsa, na buɗe ƙofa na yaye labule, abin da ban taɓa yi ba.

A hagu, ga Malam Sambo da Malam Buhari a kan benci, gwiwoyinsu a ƙirji. Ƙarƙashinsu da gefensu da bayansu buhunan shinkafa da gero da albasa da tafarnuwa ne har rufi, ga jarkokin ruwa, ga ƙaramin janareta, ga ragon Rabah a ɗaure yana kallona. A dama kuwa Baffa ne kaɗai a kan gado, mutumin da iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, sai gafakar littattafansa. Tsakaninsu fili ne fetal, an share shi tas.

Na ce, "Alhaji, zo ka ga karkatar."

Ya leƙa, ya ce shi bai ga komai ba sai tsari. Na ce a raba kayan nan biyu, rabi ya koma ƙarƙashin gado da gefensa, mutum ɗaya kuma ya koma dama.

"Albasa kusa ga Baffa?" in ji Malam Sambo. "Kusa ga littahhai? Yaro, iya bakinka."

"Wato ladabi kaka son mu bari don tayarka," in ji Alhaji.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, ladabin ga naku ya ci taya ukku, ya ci sunana, kuma in kunka ci gaba, wata rana bisa kwalta za shi kihe da wanda kuka ma ladabin."

Na san na wuce gona da iri, ina jiran mari. Sai muka ji ƙaramar murya daga kan gado.

"Modi, ƙyale ɗan maƙeri, gaskiya tai. Sambo, taso ka dawo nan."

Malam Sambo ya sunkuyar da kai. "Baffa, shekara arba'in ban zamna inda kaka zama ba. Kak ka sa ni yau."

"To ku aza man albasa," in ji Baffa. "Ita ba ta jin kunyata."

A bakin hanya muka sauke komai muka sake lodi, mai kabu-kabu na ba da umarni kamar motar ubansa. Buhu huɗu suka shiga ƙarƙashin gado, janareta da jarkoki suka dawo tsakiya. Da aka rasa wanda zai zauna a dama, Baffa ya nuna ni ya ce in zauna wajen ƙafafunsa, tunda ni na riga na zubar da kunyar. Na koma baya na duba, ɗaki ya tsaya cak a kan ƙafafunsa biyu. A Kwargaba na sauka na dafa tayoyin, ɗuminsu ɗaya.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba tayar ba ce. Tun da muka tashi na lura hannun Baffa na dama yana riƙe da ƙarfen taga gam, ko da yake gadon ya daidaita. Sai da muka yi nisa ya ankara, ya saki a hankali, ya ɗora hannun a cinya. Tafin duk kanta ce, tsakiyarsa ta tsage, ta warke, ta sake tsagewa.

Na ce, "Baffa, mi ya samu hannunka?"

Ya yi dariya ba sauti. "Zamewa nikai, ɗana. Da mota ta tashi sai gado shi kama tura ni ƙasa. In ban riƙe ba, bisa Sambo za ni hwaɗi."

"Wata ukku? Ba ka hwaɗa ma kowa ba?"

"Modi don Allah yay yi man abin ga. In nic ce ina zamewa, kunya za shi ji."

Na rasa inda zan sa idona. Su sun ƙi matsowa don kunyarsa, shi ya ƙi magana don kunyarsu, ni na ƙi leƙawa don kunyar duka, tsoho kuma yana rataye da hannu ɗaya daga Wurno zuwa Sakkwato. Ban taɓa jin haushin kaina irin na ranar ba. Kafin mu shiga gari barci ya ɗauke shi, hannuwansa biyu a kan ƙirji, Malam Buhari na raɗa mini wai bai taɓa ganin Baffa ya yi barci a hanya ba.

Saura alkawari. Juma'ar da ta biyo na je majalisa da wuri na zauna gaba. Alhaji Modi ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, na gano matsalar ɗakin Baffa. Lodi na. Da ma tun hwarko ni yi zaton haka, ai irin aikinmu na a ohis." Aka yi ta jinjina masa. Na jira sunana har aka shafa fatiha, bai fito ba. Wani ma daga baya ya ce ai mai walda na ƙwarai da ya san da haka tun farko. Wannan kam ban musa ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari.

Na tashi na nufi gidan Baffa, ban san me zan ce masa ba. Na same shi a zaure ana shafa masa man kaɗanya a tafin hannu. Ya dubi fuskata, ya sallami mai shafawar.

"Bai hwaɗi ba ko?"

Na ce bai faɗa ba.

"Ba shi iyawa, tun yana yaro haka yake." Ya buɗe hannun ya miƙo mini shi. "Duw wanda yac ce aikinka a karkace yake, turo man shi. Ni ka gwada mai wanga, in hwaɗa mai wa yak karkace."

Har yau ban tura kowa ba, don ba zan mai da hannun tsoho abin kallo saboda ƙofar gida da tagogi ba. Amma ku da kuke tsayawa a kaina kuna kiran Karkace, kun san gidan, kuma yana zaure kullum bayan la'asar. Wanda ya isa ya je.